Babi na Bakwai: Kasuwar Harbin Tsuntsaye, Ina Ta Dosa?

Akwai tambayar da ta daɗe a bakin mutanen Zango na Wagadugu, tun zamanin da ake ganin Turawa suna sauka filin jirgi da dogayen akwatunan bindiga, motocin daji suna jiransu a ƙofa. Me zai sa mutum ya baro ƙasarsa, ya biya kuɗin jirgi da na masauki da na lasin, ya je ya sha rana a dajin Gurma don ya harbo makwarwa, alhali ga kaji da zabi nan jibge a kasuwa? Yanzu kuma da ƙafarsu ta ɗauke, tambayar ta haifi wasu biyu. Za su dawo kuwa? In sun dawo ko ba su dawo ba, ɗan Zango yana da abin da zai ci a wannan harka? Amsar ba ta samuwa sai an fara sanin yadda sana'ar take a inda ta fi ƙarfi.

Ranar harbi a Ingila

A Birtaniya maharbi ba ya bin tsuntsu, koro masa shi ake yi. Da hantsi, maharba takwas ko tara sukan jeru a gindin tudu ko a bakin kurmi, kowa a gaban turken da aka kafa masa mai lamba, da 'yar tazara tsakaninsa da na kusa da shi. Can bayan kurmin 'yan kora sun yi sahu, riƙe da sanduna da tutoci, karnuka na biye da su. Da an busa ƙaho sai su taho sannu a hankali, suna bubbuga itatuwa. Tsuntsayen da ke kiwo a ƙasa su yi ta sheƙawa gaba har su kai ƙarshen kurmi, inda maɓoya ta ƙare, sai su tashi sama su bi ta kan maharba. Nan bindigogi ke ɗaukar amo. A bayan maharba kuma ga masu tsinta da nasu karnukan, suna lura da inda kowane tsuntsu ya faɗi. In an sake busa ƙaho kowa ya cire harsashi, a ɗunguma zuwa wani kurmin. Haka za a yi sau huɗu ko biyar, a ci abinci, a ƙirga abin da aka samu, a watse kafin duhu.

Tsuntsaye uku ne ginshiƙin wannan harka. Na farko fezan, mai doguwar wutsiya, wanda asalinsa daga Asiya yake, ana harbinsa daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu. Ta biyu makwarwa mai jan ƙafa, tana buɗewa 1 ga Satumba. Na uku girawus, wanda ba ya kiwuwa a hannu, sai dai a gyara masa tuddan Sikotilan da arewacin Ingila ya hayayyafa da kansa. Ranar buɗe harbinsa, 12 ga Agusta, sananniya ce a ƙasar.

Al'adar ta kafu ne a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da aka samu bindigar da ake ɗura wa harsashi ta baya cikin sauri, jirgin ƙasa kuma ya sauƙaƙa wa masu kuɗin Landan zuwa ƙauye. A 1862 aka saya wa yarima mai jiran gado, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, gandun Sandringham, ya mai da shi cibiyar harbi, manyan ƙasa suka yi koyi da shi. Abin ya kai ga a watan Disamba na 1913, a gandun Hall Barn, Sarki George na Biyar da abokan harbinsa suka kakkaɓo fezan 3,937 a yini ɗaya.

Bahaushe ya san kora. Farautar gayya ta rani, da ganga da karnuka da gora, ita ma sahu ake yi a tayar da abin da ke kwance. Bambancin shi ne, a tamu wanda ya koro yana da rabo a naman, don naman aka fito. A tasu ɗan kora ɗan ƙwadago ne, ana biyansa ladan yini, mai bindiga kuma wani abu dabam ya zo saye.

Me ake saye?

A gandun haya, bisa kan tsuntsu ake yin ciniki. Fezan ɗaya da aka harbo yakan tashi fam 40 ko fiye. In an shirya yinin tsuntsu 200, kuɗin ya kama fam 8,000 ke nan, wato kimanin sefa miliyan shida, maharba takwas su raba a tsakaninsu. Da yamma kowannensu tsuntsu biyu kacal ake miƙa masa ya kai gida. Sauran sai a tura wa dillalin nama a farashin da bai taka kara ya karya ba, wasu shekarun ma kyauta ake ba shi don ya kwashe.

Mai hawan Sallah da ke ciyar da doki shekara guda, ya saya masa kayan ado, ba don dokin ya kai shi wani gari yake yi ba. Yinin hawan yake saye, da jama'ar da zai jeru da su, da idon da zai gan shi. Maharbin Ingila ma yinin yake saye: gwanintar kakkaɓo tsuntsu mai gudu a sama, da zama cikin manyan mutane, da cinikin da ake ƙullawa a teburin abinci.

Kuɗin kuwa suna da inda suke zuwa. Fezan da makwarwa kiwonsu ake yi. Ana ƙyanƙyashe ƙwai a inji, a reni 'yan tsaki a ɗaki mai ɗumi, in sun kai mako shida ko bakwai a kai su wani shinge a cikin kurmi, su saba da dawa kafin a bar su su bazu. Makiyayin gandu yana zuba musu alkama, yana kai ruwa, yana yaƙi da yanyawa da sauran maɓarnata har lokacin harbi ya zo. Ƙiyasin cibiyar bincike ta GWCT ya nuna a 2016 an saki fezan kimanin miliyan 47 da makwarwa miliyan 10 a Birtaniya. Daga cikin fezan da ake saki, abin da bindiga ke samu bai cika wuce kashi 40 cikin 100 ba. Saura cuta ta ci, ko mota ta take, ko namun dawa su cinye. Wato mai gandu yana ciyar da kusan uku kafin a biya shi kuɗin ɗaya.

Daga nan mai karatu zai ga sana'ar tana da sharuɗɗa uku: fili mai faɗi wanda hankali ya kwanta da shi, tsuntsu mai yawa mai lafiya, da baƙo mai kuɗi wanda zai iya zuwa ya koma gida lafiya. In ɗaya ya faɗi, sauran biyun ba sa riƙe ta.

Iskar da ke kaɗa ta a Turai

Ƙungiyar maharba ta BASC da takwarorinta sun fitar da rahoto a 2024 cewa harkar harbi gaba ɗayanta, har da na wasan saiti, tana ƙara wa tattalin arzikin Birtaniya fam biliyan 3.3 a shekara. Lissafin masu sana'ar ne, kuma masu adawa da ita suna jayayya da shi, amma ya isa ya nuna abin ba ƙarami ba ne. Duk da haka, shekarun nan sun zo mata da wuya.

Annobar korona ta yanke lokacin harbi na 2020 zuwa 2021, bayan an riga an kashe kuɗin reno. A 2022 murar tsuntsaye ta afka wa yankin Vendée da kewayensa a yammacin Faransa, inda Birtaniya ke sayo kusan rabin fezan ɗinta da mafi yawan makwarwarta, ƙwai ne ko 'yan tsaki. Aka rufe hanya, gandaye da yawa suka rage kwanakin harbi, wasu ba su buɗe ba sam. A shekarar ce kuma yaƙin Yukiren ya ɗaga farashin alkama da iskar gas da ake ɗumama 'yan tsaki da ita.

Doka ma tana ƙara matsewa. Tun 2021 sai da lasin ake sakin tsuntsaye a wasu wuraren da aka keɓe don kare halittu a Ingila, ko kusa da su. Tarayyar Turai ta hana harbi da harsashin dalma a fadamu tun Fabrairun 2023, saboda agwagin ruwa suna haɗiye ƙwayoyin su mutu. Majalisar Sikotilan ta yi doka a 2024 cewa ba a harbin girawus a gandu sai da lasin, wanda za a iya ƙwacewa in an kama ana kashe shaho da gaggafa. A 2025 gwamnatin Birtaniya ta sanar da shirin hana harsashin dalma a farauta cikin 'yan shekaru.

Sana'ar ba ta kan hanyar mutuwa a Turai, amma tana ƙara tsada, ƙananan gandaye suna shan wuya, manya kuma suna ƙara dogara ga attajirai 'yan kaɗan. Wannan hali ne na kasuwar da ke da zaman lafiya da hanyoyi da likitocin dabbobi. To, ina ga tamu?

Yadda Burkina ta shiga kasuwar

Burkina Faso ba ta taɓa kiwon tsuntsu don harbi irin na Ingila ba. Abin da ta sayar shi ne tsuntsun da Allah ya ajiye a dawa: makwarwa, zabon daji, kurciya, kazar dutse da tattabarun daji. An rufe farauta a ƙasar daga 1980, aka sake buɗewa a 1985. A 1996 gwamnati ta yi babban gyara, ta yanka dazuzzuka ta ba 'yan kasuwa haya na shekaru, su gina sansani, su haƙa tafkuna, su sa masu gadi, su kawo baƙi. Yawancin waɗannan dazuzzuka a gabas suke, wajen Pama da Singou da Arly da Diapaga, a ƙasar Gurmawa. A kudu kuma, kusa da Pô da iyakar Gana, akwai gandun Nazinga, wanda 'yan'uwa biyu 'yan Kanada, Clark da Robert Lungren, suka assasa a 1979. A 2008 aka kafa hukumar OFINAP don kula da irin waɗannan wurare. Lokacin farauta yakan kama daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Mayu.

A wancan lokaci mafi yawan baƙin Faransawa ne. Da sassafe a fita neman makwarwa, samarin ƙauye suna tafe a sahu suna kaɗa ciyawa, wasu na ɗauke da ruwa da abin da aka harbo. Da la'asar a tsaya kusa da tafki a jira kurciyoyi masu zuwa shan ruwa. A gefen manyan dazuzzuka an ware wa ƙauyuka nasu filayen, waɗanda ake kira ZOVIC, inda baƙo ke biyan kuɗi ya harbi tsuntsu, kuɗin su shiga asusun gari.

Wagadugu ma ta ci nata rabon, domin ta nan kowane baƙo ke shiga ya fita. Otal ya samu, direba ya samu, mai canjin kuɗi ya samu, haka baduku mai jakunkunan fata da mai sayar da kayan tagulla. Amma sai a faɗi gaskiya: babban kaso yana tsayawa ne a hannun mai sansani da kamfanin da ya turo baƙon daga Turai. Talaka ladan yini yake samu, na wata shida a shekara.

Da dawa ta rufe

Ranar 15 ga Janairun 2016 'yan bindiga suka kai hari gidan abinci na Cappuccino da otal ɗin Splendid a titin Kwame Nkrumah, suka kashe mutum 30, da yawansu baƙi. Wurin yana dab da inda tsohuwar unguwar Hausawa take a da. Daga 2018 wutar ta kama gabas, aka riƙa kai wa ma'aikatan gandun daji hari, ana ƙona sansanonin farauta, dazuzzukan suka zama mafakar masu ɗauke da makamai. A watan Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu 'yan yawon buɗe ido a gandun Pendjari na Benin, aka kashe ɗan rakiyarsu, sojojin Faransa biyu kuma suka rasu wajen kuɓutar da su a arewacin Burkina. A Afrilun 2021, a yankin Pama, aka kashe 'yan jaridar Sifaniya biyu, David Beriain da Roberto Fraile, tare da Rory Young, ɗan Ayalan mai aikin yaƙi da ɓarayin namun daji.

Bayan juyin mulki biyu na 2022, dangantaka da Faransa ta yi tsami. Sojojinta suka fice a Fabrairun 2023, kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Wagadugu a watan Agusta na shekarar. Zuwa Maris na 2023, mutanen da rikici ya raba da gidajensu a cikin ƙasar sun haura miliyan biyu. Mafarautan gargajiya da yawa sun koma aikin tsaron garuruwansu. A irin wannan yanayi, wanda aka gani da bindiga a dawa ba wanda zai ɗauka makwarwa yake nema.

Cikin sharuɗɗan sana'ar uku da muka ambata, biyu sun faɗi lokaci guda: fili ya zama abin tsoro, baƙo ya daina zuwa.

Za ta dawo?

Muna roƙon Allah ya dawo da zaman lafiya, kuma in ya dawo wasu sansanonin za su sake buɗewa. Tsuntsu yana saurin mayar da yawansa in ya samu ciyawa da ruwa. Sai dai mai neman inda zai sa jarinsa ya kamata ya dubi abubuwa uku.

Na farko, baƙon kansa yana ƙarewa. A tsakiyar shekarun 1970 mafarautan Faransa sun haura miliyan biyu. Yau kusan miliyan ɗaya ne, kuma da yawansu dattawa. Na biyu, wanda ya saba zuwa Pama ya riga ya sami wani wurin. Senegal tana da sansanoninta a Tambacounda da Kolda, Maroko da Sifaniya suna sayar da harbin makwarwa na kora, kuma sun fi kusa da shi. Mai saye in ya canza rumfa, dawo da shi aiki ne. Na uku, dawar da za a koma ba ita aka bari ba. Gonaki sun ci, masu haƙar zinariya sun ci, gobarar daji da magungunan feshi suna rage ƙwarin da 'yan tsakin makwarwa ke rayuwa a kansu. Hatta kurciyar da ke zuwa mana daga Turai da kaka ta ragu, har Faransa da Sifaniya da Fotugal suka dakatar da harbinta a 2021.

Wani zai ce, me zai hana a kafa gandu irin na Ingila a kusa da birni, a kiwata zabi a saki, masu kuɗin gida su zo su harba? A Afirka ta Kudu ana koro wa maharba zabin daji, gaskiya ne. Amma zabon gida ya yi nauyi, ba ya tashi sama yadda maharbi ke so. Fili na ɗaruruwan eka a kewayen Wagadugu ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari, lasin bindiga a wannan zamani ba abin wasa ba ne, sakin tsuntsun gida a dawa kuma hanya ce ta kai wa na daji cuta. Ga kuma abin da malamanmu suka karantar: Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Zango, ta halatta farauta don buƙata, ta karhanta yin ta don wasa kawai. Attajirin Zango da zai biya miliyoyi ya kashe abin da ba zai ci ba, da wuya a same shi, kuma jama'arsa ba za su yaba masa ba.

Saboda haka hukuncin a fili yake. Harbin tsuntsaye na baƙi, in ya dawo, zai dawo ƙarami, a hannun mutane kaɗan. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Rabon ɗan Zango

Kakannin mutanen Zango fatake ne. Hanyar goro daga Kano da Katsina zuwa Salaga ta ratsa ƙasar Gurma da ta Mosi, wasu suka yada zango a Wagadugu ƙarƙashin inuwar Mogho Naba, sarkin Mosi, suka zama dillalai da mahauta da masu masauki. Unguwarsu, Zangouettin, tana tsakiyar birni har zuwa 2003, lokacin da aikin sabunta tsakiyar birni na ZACA ya rushe ta tare da maƙwabtanta, dubban mutane suka koma wajen Ouaga 2000 da Nioko da sauran gefen gari. Gidaje sun tafi, amma sanin ciniki da sanin nama ba su tafi ba. Wannan ne jarin da za a duba da shi.

Ƙidayar 2019 ta ba Wagadugu mutum sama da miliyan 2.4. Duk wanda ya zaga birnin da magariba ya ga kasuwar tsuntsu ta gaskiya. Masu babura suna shigowa daga ƙauyuka, kaji da zabi na reto a kan kariya. A bakin titi yaro yana tsoma su a ruwan zafi yana figewa, mai gashi ya tsaga zabo ta baya ya shimfiɗa shi a kan waya, ya shafa mai da tafarnuwa, ya juya, ya daddatsa a takarda, ya barbaɗa yaji da albasa. Mai saye yana tsaye da kuɗinsa a hannu. Ba jirgi ne ya kawo shi ba, gobe ma zai dawo, kuma ranar Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara ninkawa yake yi. Bayan na gida, Burkina ta daɗe tana tura kaji da zabi masu rai zuwa Kwaddibuwa. Da damina kuma ga dafaffen ƙwan zabi a kowace tasha.

Rikicin da ya rufe dawa ya taɓa wannan kasuwa ta wata fuska. Yankin Sahel, wajen Dori da Djibo, wanda aka sani da manyan zabi, hanyoyinsa sun yi wuyar bi. Birni na buƙatar zabon da aka kiwata kusa da shi. Unguwannin gefe irin su Zongo ta yammacin gari, ta ɓangaren Boulmiougou, da ƙauyukan da ke bayansu, nan ne wannan kiwo zai iya zama. Zabo kuwa tsuntsunmu ne, daga dajin Afirka aka fara kama shi, amma yau Faransa ce kan gaba a duniya wajen kiwonsa na zamani.

Inda kuɗin ke zubewa

Zabuwa tana yin ƙwai da damina, kamar 70 zuwa 100 in ta samu abinci, kuma takan je ta ɓoye su cikin ciyawa. Ba ta iya reno ba, shi ya sa manomi ke tsince ƙwan ya sa wa kaza ta kwanta a kai. Kwana 26 zuwa 28 suke ƙyanƙyashewa. Daga nan ne asarar ke farawa. Kaza ta ja su cikin raɓa da sassafe, 'yan tsakin su jiƙe, sanyi ya kama su, zuwa azahar ka ga sun saki fukafukai suna gyangyaɗi, gobe ka tsince su. Ga tsutsar ciki, ga shirwa, ga kwanon ruwa mai zurfi da suke faɗawa. A kiwon ƙauye sau da yawa fiye da rabi ke mutuwa kafin su yi wata biyu.

A nan ne makiyayin gandun Ingila yake da abin koya mana, domin makonnin farkon nan su ne dukkan sana'arsa. Yana tsare 'yan tsaki a ɗaki busasshe, da ɗumi kamar digiri 35 a makon farko, yana ragewa sannu a hankali. Mu tukunyar garwashi ko fitila za ta yi wannan aiki, in an bar kafar iska. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa, a sa tsakuwa a kwanon ruwa, a ba su gara da dusa mai kyau, a ba da maganin tsutsa da rigakafi a kan lokaci. Cibiyar CPAVI ta gwamnati da masu allurar kaji na ƙauyuka don wannan aka kafa su. Sannan makiyayin na Ingila yana rubuta komai: ƙwai nawa aka sa, nawa suka fashe, nawa suka kai kasuwa, buhu nawa aka ci. Wanda bai ƙirga ba, bai san ko riba yake ci ko uwar kuɗi ba.

Cutar da ta girgiza gandayen Turai mu ma ta san ƙofarmu. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Burkina a 2006, a Gampela, bakin Wagadugu, kuma a jikin zabi aka gano ta, jim kaɗan bayan ta bayyana a jihar Kaduna. Ta dawo a 2015. A Janairun 2022 gwamnati ta sanar da mutuwar kaji da sauran tsuntsaye kimanin 500,000. Don haka sabon tsuntsu daga kasuwa a keɓe shi mako biyu kafin ya shiga garke, kejin dillali kada ya shigo tsakar gida, wanda ya mutu kuma a binne shi, kada a sayar.

A kuma fara da kaɗan. Maƙwabtanmu na arewacin Gana sun ga yadda hukumar SADA ta zuba miliyoyin sidi a wani babban shirin kiwon zabi wajen 2012, aka wayi gari babu zabin da za a nuna, sai bincike da ce-ce-ku-ce. Mace mai zabi talatin da ta san kowannensu ta fi irin wannan shiri amfani ga kasuwa.

Haƙƙin na dawa

Kiwon na gida ba ya sauke mana nauyin na daji. Zabon daji da makwarwa dukiyar ƙasa ce, kuma su ne abin da ƙauyukan gabas za su sake sayarwa ranar da hanya ta buɗe. Kira ga mafarautanmu da sarakunansu shi ne a girmama lokacin rufe farauta, domin damina lokacin ƙwai ne. A daina kwashe ƙwan da aka tarar a sheƙa, a daina cinna wa dawa wuta don a tayar da nama, a daina zuba guba a bakin tafki. Kira ga dillalin Zango kuma, kada ya karɓi tsuntsun daji da damina komai arharsa. In mai saye ya ƙi, mai kamawa zai bari.

Bature ya gina kasuwar da ake biyan kuɗi don tsuntsu ya faɗo. Tamu kasuwar tana biyan wanda ya raya shi har ya kai wuƙar mahauci, kuma masu sayenta suna nan cikin gari, ba sa jiran biza. Mai ɗan jari a Zango ya sa shi a akurki da ɗakin reno, ya bar jiran jirgin maharba. A babi na gaba za mu bi zabon daga kasuwannin ƙauye zuwa wayar mai gashi, mu ga hannu nawa yake ratsawa, nawa kowane hannu ke ci, da inda sabon shiga zai tsaya ya samu nasa.